Rubutun kullum daban, fostin ɗin kullum daban

'Yar ƙanwata ce ta jawo wannan maganar. Ranar Asabar ta zo gidanmu nan Unguwar Rogo, tana zaune sai danna waya take, shayin da aka zuba mata har ya huce ba ta taɓa ba, kun dai san shayi a sanyin Jos ba ya jiran kowa. Na ce ke lafiya? Ta ce Kawu 'yan gurup ne suka sako ni gaba, yau ban saki feji ba. Ashe littafi take rubutawa a WhatsApp, kusan wata bakwai kenan kullum sai ta saki, har da masu biyan kuɗi su shiga gurup na musamman. Ta ce ai kai ne kake cewa mai son ya iya rubutu ya rinƙa yi kullum, to ni babu ranar banza.

Na karɓi wayar na karanta fejin farko-farko, na tsallaka na karanta na wannan satin. Wallahi hannu ɗaya ne, ko gezau. Yarinyar tana da baiwa, ta iya ƙulla rikici, ta san inda za ta yanke labari mutum ya kwana da son jin ci gaba, amma jarumar nan har yanzu fara ce sol mai dara-daran idanu, jarumin har yanzu murmushi mai tsada yake saki, mota kuma kullum a harabar tangamemen gida take fakawa, alhali ita marubuciyar a keke napep take zuwa Terminus, wajen kasuwa a tsakiyar garin Jos, kuma abin da idonta ke gani a hanya ya fi wannan harabar daɗin ji sau goma.

Ina nan a kan bakana, rubutu kullum shi ke gina marubuci. Sai dai abin da yawancin yaranmu ke yi a onlayin ciyar da masu jira ne. Ka taifa, ka tura, a yi maka ruwan kwament, gobe ka sake. Yaushe ka koma ka karanta na jiya? Wanda ke gudun kar 'yan gurup su yi fushi ba shi da sukunin gwada sabon salo, dole ya ɗauko jimlar da ya saba, ita ce kusa da hannu.

Mu da muka yi makarantar allo ai mun san tsarin tun muna yara. Kullum da alƙalami da tawada a hannunka, ka rubuta, ka kai wa malam ya duba ya gyara maka inda ka ci wasali ko ka karkatar da baƙi, ka biya har ya zauna, sannan ka wanke allon ka sake wani. Ba wanda ke ajiye allon jiya don a yaba masa. Hannun ne ke faɗawa a hankali, har wata rana ka ga yaron da bara yake jagwalgwalo bana shi ake ba wa allon ƙanana ya rubuta musu. Abu uku ne a ciki, yi kullum, mai dubawa, da wankewa, mu kuwa na farkon kaɗai muka ɗauka muka bar biyun.

Ni abin da nake yi ba wani mai yawa ba ne. Ina da ɗan littafi irin na 'yan firamare da biro, bayan sallar asuba kafin gida ya tashi nakan zauna minti 20, wani lokacin da bargo a kafaɗa in lokacin hunturu ne don yatsu ma ƙin lanƙwasuwa suke, in rubuta abu ɗaya da na gani ko na ji jiya. Ba na ɗora shi ko'ina. Akwai ranar da na je kasuwar Farin Gada sayen tumatir, wani ya taya kwando, matar ta ƙi. Washegari na rubuta cewa ta ƙi sayarwa cikin fushi. Da na koma kan shafin bayan kwana biyu sai na ga ƙarya na yi mata, matar ba ta yi fushi ba sam, cewa ta yi albarka, ko ɗago kai ba ta yi ba, hannunta na ta tsince waɗanda suka fashe tana jefawa a wani tsohon bokiti gefen ƙafarta, mutumin ya yi taku uku ya dawo da kansa ya ƙara. Na soke na farkon na rubuta wannan. Kalmar albarka ɗin nan da rashin ɗago kan sun faɗi halin matar fiye da duk siffar da zan jero mata, kuma da a gurup na tura tun ranar farko shi kenan ta tafi a mai fushi.

Na san masu cewa su sai ilhama ta sauko. Ban musa akwai ranar da rubutu ke zuwa kamar an buɗe famfo ba, amma in ta zo ta tarar da hannunka ya yi wata uku bai motsa ba, rabin abin a hanya zai zube. Masu cewa babu lokaci kuma, su na fi tausaya wa, musamman matan aure da ke fama da girki da yara da ɗiban ruwa ga rashin wuta ga waya ba caji. Shi ya sa nake cewa a sauko da buri ƙasa, layi biyar ma rubutu ne, takarda kuma ba ta neman caji. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta littafin da ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da shi, yana ɗan shekara 22 ko kusa da haka. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen garin nan namu, aikin jarida yake yi ya rubuta littafin da ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, dala 100,000. Babu wanda a cikinsu aka ware wa ɗaki aka ce zauna ba ka da aiki sai rubutu.

Kuma kullum ɗin nan ba sai an mayar da shi azaba ba. Makarantar allo ma tana hutun Alhamis da Juma'a. In ka tsallake rana ka dawo washegari kawai, kar ka ce tunda na karya bari in bari sai sabuwar shekara.

Inda na fi ganin ramin shi ne wajen yankewa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 tana neman labari tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, sai ka ga wadda ta rubuta littafi mai feji 200 a waya ta rasa yadda za ta yi, don ba ta taɓa zama ta goge sakin layin da take so ba. Wannan ba a koyonsa daren rufe gasa. Sai wanda ya saba soke nasa da hannunsa, ya saba miƙa wa wani mai faɗin gaskiya, ba mai turo masa hoton wuta da zuciya ba.

Ban ce 'yar ƙanwata ta rufe gurup ba, tana samun na data da na sabulu a ciki, kuma masu karatunta mutane ne da ke da haƙƙi a kanta. Mun dai yi da ita za ta mayar da sakin feji sau uku a sati, sauran ranakun ta rubuta min rabin shafi a kan abin da ta gani tsakanin gida da Terminus, babu attajiri babu harabar gida, ranar Asabar ta kawo mu duba tare. Na wannan satin a kan wani mai keke ne da ya ɗaure madubinsa da robar taya, na sa mata jan biro a wuri shida, ta yi gardama a kan biyu, ɗaya daga ciki kuma ita ce da gaskiya.