Da kunne ɗaya ka ji, amma har ka yanke hukunci

Wai "an ɓata faifan". Abin da bawan Allahn nan ya rubuto ke nan a ƙarƙashin abin da na sa jiya kan sabon haɗin sautin faifan The Dark Side of the Moon na ƙungiyar mawaƙan Pink Floyd, kun gani da idonku, har da masu tafa masa. Na bi shi ta bayan fage cikin ladabi na ce, Malam, da me ka saurara? Ya ce da waya. Na ce da iyafis? Ya ce e, sai dai na hagu ya daina aiki tun azumi. To jama'a, ku raba mu.

Mutum ya ɗauko The Dark Side of the Moon na Pink Floyd da aka sake haɗa wa sauti a tsarin Dolby Atmos, aikin da aka yi don kiɗa ya zo maka ta gaba, ta baya, ta gefe, har ta saman kai, ya ɗura shi a kunne ɗaya, wataƙila ma yana cikin adaidaita sahu, sannan ya sauko ya ba da fatawa. Sannu da ƙoƙari, shehin malami. Ka leƙa Hawan Daushe ta ramin makulli, ka dawo kana cewa bana dawaki sun yi ƙaranci.

Ba ka ji shi ba, Malam. Maganata ke nan tun jiya. Ban ce dole ka so shi ba, na ce ba ka ji shi ba.

Sai kuma masu cewa a bar abu yadda masu shi suka yi shi a 1973, asali ya fi. Wane asalin? 'Yan Pink Floyd ɗin nan tun watan Mayun 1967, a zauren Queen Elizabeth da ke Landan, suka jera lasifikoki suka kewaye 'yan kallo, suna juya sauti daga wannan kusurwa zuwa waccan da wata 'yar na'ura mai sanda da suka raɗa wa Azimuth Co-ordinator. Alan Parsons, injiniyan da ya ɗauki faifan a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, shi da kansa ya yi masa haɗin lasifika huɗu tun wancan zamani. Agogunan nan da suke kaɗawa lokaci guda a farkon waƙar "Time" har gaban mutum ya faɗi, Parsons ya ɗauko ƙararsu ne tun farko don gwajin tsarin lasifika huɗu. Kasuwar tsarin ce ta mutu, kayan sun yi tsada, kamfanoni kowa da irin nasa, shi ya sa duniya ta saba da lasifika biyu. A 2003 injiniya James Guthrie ya yi haɗin 5.1, wato na lasifika biyar da wufa ɗaya mai fitar da ƙasan sauti, a 2023 da faifan ya cika shekara 50 ya yi na Atmos. To wa ya ɓata wa wa?

Ni ma ba wani attajiri ba ne. Lasifika biyar gare ni da wufa ɗaya, duk na hannu, wayoyinsu sun bi gindin bango har uwargida ta gaji da magana. Ba ni da na silin, saboda haka abin da ke saukowa ta sama ban ji ba, kuma ba za ku ji na ce uffan a kansa ba. Kun ga bambancina da mutuminku.

Amma abin da na ji, wallahi na ji. Daren Juma'a aka bar mana wuta, yara suka yi barci, na ja kujera tsakiyar falo na kashe fitila. Bugun zuciyar nan na farko a ƙirji na fara jinsa kafin kunne. Sawun mai gudun nan ya ratsa ɗakin ya wuce ni. Ƙarar tsabar kuɗi da akwatin kanti a waƙar "Money" ta riƙa zagaya ni kamar ana ƙirga ciniki a kusurwa huɗu. Muryoyin mutanen da ke surutu can ƙasa-ƙasa, waɗanda na shafe shekaru ina jinsu kamar hayaniyar maƙwabta, sai ga su a fili, har sai da na waiga sau ɗaya. Da mawaƙiya Clare Torry ta ɗaga murya, matar da fam 30 aka biya ta ranar da ta yi wannan aikin, ban san sanda na dafe baki ba. Faifan da na haddace tun ina ɗan makaranta, minti arba'in da 'yan kai, sai ga shi kamar gidan da na daɗe ina wucewa ta ƙofarsa, yau aka ce bismillah shigo.

Wani ya ce ai neman kuɗi ne, faifai ɗaya a yi ta sayar maka da shi sau biyar. To da sadaka suke yi? Wani ya ce akwai tsofaffin faya-fayan da aka lalata da irin wannan haɗi, a jefa jita bayan ƙeya babu dalili. Akwai, na yarda, ka je ka yi musu rubutunka. Wannan dai ka nemi ɗaki, ka zauna a tsakiya, ka ji, sannan ka zo ka zage shi son ranka. In ka ce bai yi maka ba bayan haka, ni zan fara ba ka hannu. Kafin nan, gyara iyafis.

Abin da ma ya hana ni barci bayan na kashe kayan daban ne. Su sun iya wannan aikin ne saboda an adana zaren da aka ɗauki sautin a kai tun asali, ganga a layinta, murya a nata, shekara hamsin ba abin da ya taɓa su. Na tuna kwalin kasakasan Shata na mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana can saman durowa ƙura ta gama da shi. Ka ce a zaunar da kai tsakiyar makaɗan kalangu, 'yan amshi a bayanka! Af, wa ya san mai gyaran rediyo mai kaset da har yanzu yake samun robar ciki? Tawa ta tsinke tun bara.