Hadda kaɗai ba ta cin jarrabawar labarin ƙasa

Da zarar zafin watan Afrilu ya kankama, ƴan aji na ƙarshe a kolaji da lise na Damagaram sai su koma ƙarƙashin fitilun bakin titi, kowa da kayensa a hannu, ana kai da komowa ana maimaita darasi har tsakar dare. Ƙoƙari kam akwai shi. Amma a darasin labarin ƙasa, wannan ƙoƙarin sau da yawa ba ya komawa maki, ko a jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolaji ko a Bak ta ƙarshen lise, domin yaro ya haddace shafi goma amma bai koyi amsa tambaya guda ba.

Mai gyaran takarda ba ya auna yawan rubutu. Abin da yake nema shi ne ko ɗalibi ya gane abin da aka tambaye shi. In aka ce ka kawo dalilan ƙarancin abinci a Nijar, kai kuma ka juye duk darasin noma tun daga gero har albasar Galmi, ka cika shafi huɗu ba ka taɓa tambayar ba. Don haka mintuna goma na farko ba na rubutu ba ne. A karanta tambaya sau biyu, a ja layi ƙarƙashin aikin da aka ce a yi (bayyanawa ne, kwatantawa ne, ko kawo dalili), a duba wane yanki ake nufi, sannan a tsara amsar a takardar gwaji: gabatarwa gajera, manyan batutuwa biyu ko uku, da kammalawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ɗan Damagaram ke zaune a tsakiyar darasin amma ba ya ganinsa. Duwatsun da ke Birni ba ado ba ne kawai. Garin yana kan tsohon dutse mai tauri da ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ake jawo ruwan sha daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Yaron da ya yi layi da jarka a famfo ya san sakamakon, saura ya haɗa shi da dalilin, ya rubuta. Haka batun damina. Me ya sa Magarya da Matamai suka fi Tanut samun ruwan sama? Iska mai laima tana tasowa ne daga tekun Gini, ta fara isa kudu, ta daɗe a can, kafin ta kai Damargu, yankin Tanut, ƙarfinta ya ragu, kuma daga can take fara janyewa. Wanda ya fahimci wannan ba ya buƙatar haddace jerin yankunan yanayi, zai iya fito da su da kansa. In kuma tambayar ta shafi yaƙi da kwararowar hamada, ga gawon da manoman kudancin jahar suka bari ya sake tsirowa a gonakinsu bayan farin 1984, misalin da masana daga nesa suke zuwa dubawa. Misali guda irin wannan, da sunan wuri da dalili, ya fi jimla biyar na gama-gari.

Ba ina cewa a watsar da hadda gaba ɗaya ba. Akwai alƙaluman da dole su zauna a ka: faɗin ƙasar murabba'in kilomita 1,267,000, maƙwabta bakwai, jahohi takwas har da Yamai, mutum miliyan 17.1 a ƙidayar 2012. Sai dai alƙalami ba shekara tarko ne, kuma tsohon kaye da aka gada daga yaya ko yayar da ta yi Bak shekaru biyar baya yana iya jefa mutum rami. A ciki za ka tarar Nijar tana cikin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, alhali ficewarta ta tabbata a Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso na ƙawancen ƙasashen Sahel, AES. Za ka tarar kamfanin COMINAK yana haƙar yuraniyom a Akuta, alhali ya rufe tun Maris na 2021. Batun man fetur kuma zai tsaya kan matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana daga Agadem, ba a ambaci bututun kusan kilomita 2,000 da ya fara kai ɗanyen mai gaɓar tekun Benin a 2024 ba.

Makin da ya fi sauƙin samu, kuma aka fi zubarwa, yana wajen taswira da zane. Taswira ba take, ba bayanin alamomi, ba kibiyar arewa, ta rage daraja ko da an yi mata kala mai kyau. A ma'aunin 1/200,000, santimita guda kilomita biyu ne, kuma yara da yawa a wajen share sifili suke faɗuwa. A zanen ruwan sama da zafi, ƙa'idar P = 2T ce (P ruwan sama a milimita, T zafi a digiri): duk watan da ruwansa bai kai ninki biyu na zafinsa ba, watan rani ne. A gwada da alƙaluman Damagaram, za a ga Yuli da Agusta sun yi sama, yawancin watanni kuwa suna ƙasa. Wannan aikin hannu ne, sai an zana sau da yawa da fensir da rula a gida.

Wani malami zai ce da ni, kuma yana da gaskiyarsa: yaran nan suna hadda ne don Faransanci ya fi ƙarfinsu, in ka raba su da jimlar malami ba su da tasu. Na yarda matsalar harshe babba ce. Amma ɗalibin da ya iya yi wa ƙaninsa bayani da Hausa kan abin da ke kai matasan Kance cirani zuwa Kano ko Aljeriya ya riga ya yi rabin aikin, saura ya zuba shi cikin gajerun jimloli na Faransanci, kowace da batu guda. Kuskuren nahawu yana rage maki kaɗan, kauce wa tambaya kuwa yana cinye yawancinsu.

Nauyin bai tsaya kan yara ba. In malami ya shekara yana karanto darasi ana kwafa, a gwajin aji kuma ya ba wanda ya dawo masa da kalmominsa 16 bisa 20, shi ya koya musu cewa hadda ce hanya. Kafin watan Yuni, ya kamata kowane aji ya zauna da tsoffin tambayoyin jarrabawa ko sau ɗaya a mako, da agogo a gaba, a rubuta, a gyara a kan allo, kowa ya ga inda makinsa ya zube.