Wai GST ɓata lokaci ne?

Kun dai ga abin da ƙaninmu injiniya ya wallafa jiya. Wai a soke GST, wato darussan gama-gari (General Studies) da kowane ɗalibi ke ɗauka ko mene ne fanninsa, daga jami'a, ɓata lokaci ne, shi lissafin gada ya je koyo ba rubutu da falsafa ba. Har da masu tafa masa. Madalla! Abin da ya ba ni dariya, rubutun da ya yi na neman a soke darasin koyon rubutu sai da na karanta shi sau uku kafin na gane inda ya dosa. Layi goma sha ɗaya babu aya ko guda. Ƙanina, hujja kam ka kawo, amma a kanka ta faɗa.

Wannan GST ɗin da kuke rainawa shi ne ke bin ku har wurin aiki. Na taɓa zama cikin masu tantance masu neman aiki. Wani ya shigo da sakamako mai daraja ta ɗaya, aka ce ya bayyana mana binciken kammala karatunsa cikin minti biyu, yadda wanda ba fanninsa ba zai gane. Ya buɗe baki, ya rufe, ya koma jero mana sunayen babi yana share gumi. Wata mai matsakaicin sakamako ta juya bayan takardarta, ta zana akwati uku da biro, ta ce ga matsalar, ga abin da na gwada, ga abin da ya fito. Ita aka ɗauka. Na tabbata ya fi ta sanin fannin, amma iliminsa ya maƙale a maƙoshi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Za ku ce ajin cike yake maƙil, malami ba lasifika, hadda ake yi a juye a manta. Gaskiya ne, ni ma na zauna a irinsa. To a gyara koyarwar mana, wa ya hana? Za ku ce ChatGPT zai rubuta muku. Ranar da ya shara maka ƙarya cikin tsararriyar jimla, da me za ka kama shi? Da darasin manɗiƙin (ilimin auna hujja) da ka tsallake, wanda a nan ake koya cewa faruwar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya jawo ɗayan?

Kuma ba jiya aka ƙirƙiro abin don a wahalar da ku ba. A Jami'ar Paris ta ɗaruruwan shekarun baya, sai ɗalibi ya bi ta kan nahawu da manɗiƙi da balaga kafin ya doshi likitanci ko shari'a. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu mai zurfi ya san ba a shigarsa babu nahawu. Jami'ar Columbia a Amurka ta kafa nata darasin gama-garin a 1919, Harvard ta fitar da rahoto guda a kan batun a 1945. Duk waɗannan ba su san me suke yi ba, sai kai?

Wallahi ba don cin fuska nake faɗa ba. Manhajar da ka ƙware a kai yau za ta tsufa, wataƙila ma ka bar fannin gaba ɗaya. Iya rubuta wasiƙar da shugabanka zai gane a karatu ɗaya, iya duban alƙaluma ka ce a'a, nan akwai lauje cikin naɗi, iya aiki da ragon da aka haɗa ku rukuni ba tare da kun dambace ba, waɗannan su za su bi ka duk inda ka koma. GST ɗin ne dai.

Af, masu turo min saƙon murya na minti bakwai don tambaya guda, ku ma da ku nake. Jiya na saurari ɗaya har ƙarshe, ashe lambar waya yake nema.