Ba mu ci bashin ba, amma da mu aka biya

Duk lokacin da gidajen rediyo suka kawo labarin wani babban banki ya durƙushe a Amurka ko a Turai, amsar da aka fi ji a fadodin shayi na Yamai ita ce: "To mu ina ruwanmu, da ba mu da ko tamma a can?" Maganar tana da tushe, domin galibin ƴan Nijar ba su taɓa buɗe asusu a banki ba, balle su sayi hannun jari a New York. Amma ina ganin wannan tunanin yana cutar da mu, don yana sa mu miƙe ƙafa a lokacin da ya kamata mu ɗaura ɗamara. Rikicin kuɗi na duniya yana iso mana. Yakan dai makara, kuma yakan biyo ta inda ba a sa ido: farashin rago a bakin iyaka, kuɗin da ɗan bida ke aiko wa gida, da aikin ma'adinan da aka aza tubalinsa aka bari.

Ranar 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya bayyana cewa ya karye, alhali kadarorin da ke rubuce a littafinsa sun haura dalar Amurka miliyar 600. Asalin ɓarnar ba wani abin mamaki ba ne. Shekara da shekaru ana bai wa mutane bashin sayen gida a Amurka ba tare da an duba ko za su iya biya ba. Masu ba da bashin ba su damu ba, domin sukan tattara basussukan su mai da su takardun jari su sayar wa bankunan duniya, kamfanonin da ke auna ingancin bashi kuma su buga musu hatimin cewa babu haɗari. Da farashin gidaje ya faɗi, aka wayi gari babu bankin da ya san yawan ruɓaɓɓen bashin da ke hannun ɗan'uwansa. Kowa ya ƙi ranta wa kowa. Washegarin faɗuwar Lehman, sai da babban bankin Amurka ya zuba dala miliyar 85 don ceto kamfanin inshora na AIG, a watan Oktoba kuma majalisar dokokin ƙasar ta amince da wasu miliyar 700 don tallafar bankuna.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda zumunci tsakanin ƙasashe ke sassautawa idan kuɗi suka shiga tsakani. Iceland, ƙasar da mutanenta ba su kai na Yamai yawa ba, ta bar manyan bankunanta uku sun kumbura har dukiyarsu ta ninka arzikin ƙasar kusan sau goma. Cikin mako guda a Oktoban 2008 duka ukun suka zube. Birtaniya, wadda ƴan ƙasarta suka ajiye kuɗi a ɗaya daga cikinsu, ta ɗauko dokar yaƙi da ta'addanci ta ƙwace ikon kadarorin bankin da ke ƙasarta, alhali ƙasashen biyu suna cikin ƙawancen tsaro ɗaya. Girka ta karɓi rancen ceto na yuro miliyar 110 a 2010 bisa sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, har rashin aikin yi ya kai kusan kashi 27 cikin ɗari, a 2015 kuma aka rufe bankuna aka ƙayyade wa mutum yuro 60 a rana. Idan haka Turawa suka yi wa junansu, bai kamata wani a Yamai ya zaci cewa ranar da tamu ta taso za a tausaya mana ba.

Mu ta Najeriya abin ya fara shigo mana. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yulin 2008 ta gangaro ƙasa da 40 kafin ƙarshen shekara. Naira ta sauka daga wajen 118 zuwa kusan 150 kan dalar Amurka ɗaya, kasuwar hannun jari ta Legas ta rushe, bankunan da suka zuba kuɗin jama'a a cikinta da cikin harkar mai suka shiga uku. A Agustan 2009 gwamnan babban bankin Najeriya, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar, daga baya ya ƙara da wasu, aka zuba naira miliyar 620 don kada su nutse. Wanda ya san kasuwar dabbobi ta Konni ko ta Tawa ya san ma'anar wannan. Makiyayi ya koro ragunansa tun asuba, dillali ya kama hannunsa suna ciniki, mai saye daga Illela ko Sakkwato ya taya da naira. Kafin a ce albarka sai an leƙa wajen ɗan canji an ji nawa jaka take yau. In naira ta yi rauni, taya ɗin da ya yi daɗin ji a baki yakan koma abin da bai cika buhun hatsin da aka zo nema ba, mai rago kuma ba shi da zaɓi, don ba zai iya koro su gida ya ci gaba da sayen dusa ba. Haka mai wake, haka mai albasar Galmi. A 2016, da mai ya sake faɗuwa, mun ga irin wannan har ya fi na farko zafi.

Yankin Adar yana da wata hanyar ta daban. Gidaje da yawa a Tawa, Keita da Buza suna cin abinci ne da guminsu ƴan bida da ke Libiya, Abijan, Legas da sauran biranen gaɓar teku. Je ka gishen aika kuɗi ana gab da damina ka ga layin tsofaffi da matan aure, kowa da lambar da aka karanto masa ta waya a rubuce a ƴar takarda. Da wannan kuɗin ake sayen iri, a biya ƴan ƙwadago, a cike gurbin rumbun da ya ƙare. Yawancin ƙasashen da ƴan bidan suke zuwa da mai ko koko suke rayuwa. Idan farashin waɗannan ya faɗi aka dakatar da gine-gine, baƙo ne ake fara sallama, kuma babu wanda zai rubuta sunansa cikin waɗanda rikicin ya shafa.

Sai uraniyom. A tsakiyar 2007 farashinsa a kasuwar duniya ya haura dala 130 kan kowace laba, kamfanoni suka yi ta rububin takardun izinin bincike a Agadas. Zuwa 2009 ya dawo wajen dala 40 da ɗoriya. A farkon wannan shekarar aka sa hannu da kamfanin Areva na Faransa kan mahaƙar Imuraren, aka yi mana albishir da tan 5,000 a shekara. Haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 ya ƙarasa abin da rikicin kuɗi ya fara, a 2014 aka jingine aikin. Alkawarin da ƙasashe masu arziki suka ɗauka a taronsu na Gleneagles a Birtaniya a 2005 na ninka taimakon Afirka kafin 2010 shi ma bai cika ba. Gaskiya ne yunwar 2010 rashin ruwan sama ne ya kawo ta, kuma rikicin tazarce ya sa wasu masu ba da agaji sun janye hannu. Amma ta same mu a lokacin da masu agajin suka riga suka kwashe baitulmalinsu wajen ceto bankunan da suka jawo fitinar. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Akwai masu cewa ai bankunanmu sun tsallake 2008 lafiya, kuma sun yi gaskiya. Sun tsira domin ƙanana ne, ba su da hannu a waɗancan takardu, dokokin BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu amfani da sefa, kuma sun hana su fitar da kuɗi waje yadda suka ga dama. Sai dai wannan hujjar ba ta kwantar mini da hankali. Mu ma mun taɓa ganin rushewar banki a gida, ba tare da taimakon kowa daga New York ba. BDRN, bankin raya ƙasa da aka kafa bayan samun ƴancin kai, shi ne ginshiƙin harkar kuɗi a Nijar. Da kuɗin uraniyom suka ja baya a shekarun 1980, basussukan da aka raba ba tare da kyakkyawan bincike ba suka ƙi dawowa, a 1990 aka rufe shi, Sonibank ta gaji abin da ya rage. Tambayi dattawan ƴan kasuwa a Babbar Kasuwa ko Katako me ya sa har yau wasunsu suka fi yarda da akwatin ƙarfe da garken shanu, za ka ji sunan bankin nan. Cutar da ta kashe Lehman ita ce ta kashe BDRN: bashi ga wanda ba zai biya ba, da mai sa ido da ya kau da kai.

Kuma bankunan yau ba na 2008 ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda ke Yamai rassa ne na manyan rukunoni masu hedikwata a Maroko, Togo ko Burkina Faso, don haka matsalar uwa tana iya taɓa ɗiya. Gudun yaɗuwar tsoro ma ya canza. A Maris 2023 masu ajiya sun nemi janye dala miliyar 42 daga bankin Silicon Valley Bank na Amurka cikin yini ɗaya, galibi ta wayar hannu, washegari aka rufe shi. Kwana tara bayan haka a Suwizalan aka tilasta wa bankin UBS ya haɗiye Credit Suisse, bankin da ya haura shekara 160 a duniya. A ƙasar da saƙon murya ɗaya na WhatsApp kan zagaye unguwanni kafin azahar, wannan ba labarin nesa ba ne. Mun ma ɗanɗana wani abu makamancinsa. Bayan takunkumin da CEDEAO da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, suka ƙaƙaba wa Nijar a ƙarshen Yulin 2023, mutane sun yi ta sammako ƙofar banki, ma'aikaci da albashinsa a rubuce amma a ce masa ga iyakar abin da zai ɗauka yau, ɗan kasuwa da miliyoyinsa a asusu ya kasa biyan kuɗin mota ɗaya ta kaya. Babu bankin da ya karye a lokacin, siyasa ce ta toshe hanyar kuɗi, amma raɗaɗin iri ɗaya ne, kuma bai gama warkewa ba ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne yawan bashin gwamnatoci da ke kan bankunan yankinmu. Duk ƙasashen UEMOA suna cike giɓin kasafinsu ta hanyar sayar da takardun lamuni a kasuwar yanki, masu saye kuma galibi bankuna ne, da kuɗin masu ajiya. Muddin gwamnati na biya a kan lokaci, ciniki ne mai riba. Ranar da ta kasa, banki ne zai jijjiga. Gana ta nuna mana haka: bayan Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa a 2022 rance ya yi tsada a duniya, a Disambar shekarar ƙasar ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma sake fasalin na cikin gida, bankuna da ƴan fansho suka kwashi asara. Akwai kuma ƴan kwangilar da suka ci bashin banki suka yi wa gwamnati aiki suna jiran biya. Kowane wata da aka ƙara musu, bashin da yake lafiyayye yana matsawa zuwa layin ruɓaɓɓu. Biyan waɗannan mutane a kan kari yana cikin hanyoyin kare bankuna mafi sauƙi da ke hannun hukuma.

Akwai wani abu da ba ya bukatar kuɗi mai yawa, amma an bar shi a takardun Faransanci. Yankinmu yana da asusun lamunin ajiya, wanda idan banki ya karye zai biya kowane mai asusu har sefa miliyan 1.4, mai ajiya a ƙananan cibiyoyin bashi kuma jaka 300. Mutum nawa ne a Wadata ko Harobanda suka san da wannan? Malamin makarantar da ya san albashinsa na cikin lamuni ba zai ruga layi don jita-jita ba. Babban ɗan kasuwar da ya san iyakar lamunin zai raba dukiyarsa tsakanin bankuna biyu ko uku. Ya kamata a bayyana wannan a rediyo da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, a kuma wajabta wa kowane banki ya wallafa lafiyar littafinsa ta yadda mai karatun firamare zai gane.

Ana ta muhawara kan ko ƙasashen AES, wato Nijar, Mali da Burkina Faso, su fita daga sefa su buga kuɗinsu. Ina cikin masu ganin ƙasa tana da haƙƙin riƙe linzamin kuɗinta, kuma abin da ya faru a 2023 ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. Amma a duk zaman da nake ji ana wannan magana, an fi tsayawa kan sunan kuɗin da hoton da za a sa masa. Tambayoyin da suka fi nauyi su ne: wa zai binciki bankuna idan mun bar hukumar sa ido ta yanki da ke Abijan, kuma zai iya ce wa minista ko babban attajiri a'a? Wa zai ranta wa banki mai lafiya idan jama'a suka yi masa rubdugu cikin dare ɗaya? Ajiyar kuɗin waje ta wata nawa za mu tara kafin ranar farko, don shinkafa da magani su ci gaba da shigowa ko da farashin mai da uraniyom sun faɗi tare? Sannan nawa za a ware wa rumbunan OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, a shekarar da damina ta yi kyau, tun da mun ga cewa shekarar da muka fi bukatar agaji tana iya zuwa daidai da shekarar da masu agajin ke fama da kansu? Waɗannan amsoshin nake so in ji daga ma'aikatar kuɗi, da alƙaluma, kafin a nuna mana samfurin sabuwar takarda.