Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba

Duk wanda ya taɓa sa kuɗinsa a hannun jari ya san maganar nan, ko ya ji ta a bakin wani ko shi da kansa ya faɗe ta a ransa: "bari dai ya dawo kuɗina in fita." Na ji ta ya fi a ƙirga, kuma wallahi duk lokacin da na ji sai raina ya sosu, don yawancin masu faɗinta mutane ne da suka tara kuɗin nan da gumi, a hankali a hankali, suka sa a wani kamfani da fatan alheri, farashi ya zube, yanzu kullum da safe kafin su wanke fuska sun buɗe manhaja a waya suna duba ko ya motsa. A ganina wannan jumla ita ce ta fi kowace cinye kuɗin ƙananan masu zuba jari, ta fi ma 'yan damfara, don shi ɗan damfara sau ɗaya zai yi maka ka gane shi, ita kuwa tana zaune a cikin kanka shekara da shekaru.

Farashin da ka saya a kai, kai kaɗai ka san shi, sai dillalinka da ya rubuta. Kamfanin bai sani ba, mutanen da ke saye da sayarwa yau ba su sani ba, kuma babu abin da ya dame su da shi. A ce ka saya a 100 ya sauko 50, babu wata igiya da ke jan sa ya koma 100 don kawai nan ka shiga. Lissafin ma ya fi yadda ake zato ɗaci, abin da ya faɗi da rabi sai ya ninka kansa kafin ka ga uwar kuɗinka, wanda ya faɗi da kashi 80 cikin ɗari kuwa sai ya ninka sau biyar. To tambayar da ta kamata mutum ya yi wa kansa ita ce, da a ce kuɗin nan 50 ɗin suna hannuna yau tsaba, ban taɓa sanin kamfanin nan ba, zan ɗauka in saye shi? In amsar e ce, riƙe abinka, ƙila ma ka ƙara. In kuwa ka ji zuciyarka ta ce Allah ya kiyaye, to me kake jira? Duk ranar da ka wayi gari ba ka sayar ba, daidai yake da ka sake saye a farashin ranar.

Abin ba rashin wayo ba ne, haka aka yi ɗan adam. Tun 1979 masana halayyar ɗan adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara a zuciyar mutum ya fi daɗin riba mai girma ɗaya da ita nauyi, daga baya ma aka auna shi ya kai wajen ninki biyu. Shi ya sa muddin ba ka danna sayarwa ba kana iya gaya wa kanka ai ban faɗi ba tukuna, a takarda ne kawai. Wani masani Terrance Odean ya bi asusun mutum 10,000 a wani kamfanin dillanci na Amurka daga 1987 zuwa 1993, ya tarar mutane suna saurin sayar da wanda ya yi riba, su ƙanƙame wanda ya faɗi, sannan abin takaicin, waɗanda suka sayar ɗin sun ci gaba da fin waɗanda suka riƙe da kusan kashi 3.4 cikin ɗari a shekarar da ta biyo. Wato mutum ya cire shukar da ta kama, ya zauna yana ba matacciyar ruwa.

Nan ne nake da ja da masu ba da shawara a intanet da ba su da magana sai "riƙe kawai, kasuwa kullum tana dawowa." Wace kasuwar? Ai akwai bambanci kamar sama da ƙasa tsakanin wanda ya riƙe kamfani ɗaya da wanda ya riƙe asusun haɗaka mai ɗauke da ɗaruruwan kamfanoni, amma sai a haɗa su a ba su magani ɗaya.

Ɗauki Enron, wani katafaren kamfanin makamashi na Amurka. A watan Agustan 2000 hannun jarinsa na wajen dala 90, ana yabonsa ko'ina, kafin ƙarshen Nuwamban 2001 ya koma ƙasa da dala ɗaya, a Disamba kamfanin ya durƙushe gaba ɗaya bayan an bankaɗo cewa littattafan lissafinsa ƙarya ce aka shirya. Ma'aikatansa da yawa kuɗin fanshonsu a hannun jarin kamfanin suka zuba, aiki ya tafi, ajiya ta tafi lokaci guda. Duk wanda ya ce bari ya dawo a 60, ya sake cewa a 30, ya sake cewa a 10, haƙurinsa bai haifar masa da komai ba. Haka Lehman Brothers, bankin da ya shekara sama da 150 yana aiki, ranar 15 ga Satumban 2008 ya rushe. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, amma kamfanin da ya mutu ba ya tashi don masu hannun jarinsa sun yi haƙuri. Kuma kada a ɗauka waɗannan tsiraru ne da aka tsinto don tsoratarwa. Wani masani Hendrik Bessembinder ya duba kusan duk kamfanonin da aka taɓa sayar da hannun jarinsu a kasuwar Amurka daga 1926 zuwa 2016, ya gano cewa fiye da rabinsu, a tsawon rayuwarsu, ba su ba da abin da takardar bashin gwamnati ta wata ɗaya ta bayar ba, kuma kusan kashi 4 cikin ɗari ne kacal suka samar da duk dukiyar da kasuwar ta ƙara a kan haka. Ka tsaya ka yi tunanin wannan da kyau. In ka zaɓi kamfani ɗaya ko biyu ka ce za ka riƙe har abada, kana caca ne a kan cewa ka dace da ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan.

Shi kuwa asusun da ke bin kasuwa gaba ɗaya labarinsa daban ne, saboda in kamfani ya lalace ana cire shi a sa wani, kuma 'yan kaɗan ɗin da ke jan ragamar suna ciki ko ba ka san sunansu ba. Ma'aunin S&P 500, mai bin manyan kamfanonin Amurka 500, ya zube da kusan kashi 57 cikin ɗari daga Oktoban 2007 zuwa 9 ga Maris 2009, mutane suka firgita suka yi ta sayarwa a ƙasa, amma a 2013 ya koma inda yake ya wuce. A 2020 da korona ta zo, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki, daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris, ya faɗi da kashi 34, kafin ƙarshen Agusta ya murmure ya kafa sabon tarihi. Wanda ya sayar a Maris yana cewa zai dawo in ƙura ta lafa, kafin ta lafa a idonsa farashi ya riga ya gudu ya bar shi. Fita da niyyar dawowa na buƙatar ka yi daidai sau biyu, lokacin fita da lokacin shiga, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba, don ranar da ta fi dacewa a saya ita ce ranar da labarai suka fi muni, kowa na cewa duniya ta ƙare.

Sai dai ko a nan ba zan ɓoye abin da masu tallan "kullum tana dawowa" ba sa son faɗa ba. Tana dawowa, amma yaushe? Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a ƙarshen Disamban 1989, wajen maki 38,900, bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024, shekara 34 cur. Ma'aunin Nasdaq na Amurka da ya kai 5,048 a Maris 2000 lokacin haukan kamfanonin intanet, sai 2015 ya ga wannan lambar kuma. Matashi mai shekara 30 da ke zuba kaɗan kaɗan duk wata zai iya jure wannan, har ma ya amfana don yana ta saye da araha. Dattijo mai shekara 62 da zai fara cin kuɗin nan baɗi fa? Shi ba shi da shekara 15 ta jira. Don haka kafin a yi maganar saye ko riƙo ko sayarwa, a fara tambaya, yaushe zan buƙaci kuɗin nan? Kuɗin da za ka biya wa yara makaranta nan da shekara biyu, ko na haya, ko na asibiti in ta ɓaci, ba su da abin yi a kasuwar hannun jari ko da kuwa kowa na cewa tana tashi. Mafi yawan waɗanda suka sayar a ƙasa ba tsoro kaɗai ya kore su ba, buƙata ce ta taso ba su da wani wurin da za su taɓa. Rancen kuɗi a sayi hannun jari kuwa, ɗan'uwa don Allah kar ka fara.

Ta ɓangaren saye, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne guruf guruf ɗin nan da ake turo hoton riba, wane ya ninka cikin sati, wance ta ninka sau uku. Ba wanda ke turo hoton asararsa. A Janairun 2021 hannun jarin GameStop, wani kamfanin sayar da wasannin bidiyo a Amurka, ya tashi daga ƙasa da dala 20 zuwa dala 483 a ranar 28 ga wata saboda taron mutane a intanet sun yi ca a kansa, kafin Fabrairu ya ƙare ya taɓa ƙasa da dala 50. Wasu sun samu, ba musu, waɗanda suka shiga da wuri suka fita da wuri. To amma kowane hannun jari da aka sayar a dala 400 akwai wanda ya saya, kuma yawanci shi ne mutumin da labari ya iso masa a makare. In har magana ta kai ga kowa na yinta, ka tabbata an riga an sa ta a cikin farashi.

Yawan shiga da fita ma kansa ciwo ne. Brad Barber da Odean ɗin nan sun bi gidaje sama da 66,000 daga 1991 zuwa 1996, waɗanda suka fi kowa saye da sayarwa sun tashi da kashi 11.4 a shekara alhali kasuwar ta ba da 17.9, zafin nema dai bai kawo samu ba, la'adar dillali da gibin da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa suka yi ta gutsurar kuɗin. Yau manhajoji da yawa na cewa ba sa cajin ko sisi, amma sauƙin dannawa da yatsa ya sa mutane na yin ciniki sau goma inda da sau ɗaya za su yi. Masu asusun haɗaka su ma su duba abin da manaja ke cira duk shekara, don nan ne ake yanka mutum bai ji ba. Yi lissafi da kanka, in kasuwa na ba da kashi 7 a shekara, asusu ɗaya na cire kashi 2 ɗayan na cire 0.2, bayan shekara 30 na farko ya ninka kuɗinka sau huɗu da ɗan ɗori, na biyun sau bakwai. John Bogle da ya buɗe asusun bin kasuwa na farko ga talakawan masu zuba jari a 1976 dariya aka yi masa a lokacin, amma da shahararren mai zuba jari Warren Buffett ya sa dala miliyan ɗaya cewa irin wannan asusu zai doke zaɓaɓɓun asusun ƙwararru masu tsadar caji daga 2008 zuwa 2017, nasa ya tashi da kusan kashi 126, nasu kuwa a tsakaice wajen 36. Wanda ke gudun kamfanonin da ke mu'amala da kuɗin ruwa ko giya ko caca shi ma ba a bar shi a baya ba, tun 1999 akwai ma'aunin Dow Jones na kamfanonin da aka tace bisa shari'ar Musulunci, kuma akwai asusun da ke bin irinsa.

Ban ce kada kowa ya sayi kamfani ɗaya ba. Akwai masu son karanta rahoton kamfani, su fahimci inda kuɗinsa ke shigowa da bashin da ke kansa, kuma suna da haƙƙin gwada fahimtarsu, da wani kaso na dukiyarsu da in ya tafi gida ba zai girgiza ba. Abin da nake roƙo shi ne ranar da za ka saya, kafin ka danna, ka ɗauki biro ka rubuta layi biyu, na sayi kamfanin nan saboda kaza, kuma zan sayar in kaza ya faru. Dalilin ya zama a kan kamfanin kansa, misali cinikinsa na ƙaruwa, bashinsa kaɗan ne, yana raba riba ga masu hannun jari a kai a kai. Ranar da farashi ya zube jikinka na rawa, ɗauko takardar ka karanta. In dalilin na nan daram, faɗuwar farashi rangwame aka yi maka. In kuwa cinikin ya ja baya shekara biyu a jere, bashi ya yi masa katutu, ko masu binciken lissafi sun fara ƙin sa hannu a rahotonsa, to sayar ko da a ƙasa da yadda ka saya ne, ka kai abin da ya rage inda zai yi maka aiki. Haka in kamfani ɗaya ya yi ta tashi har ya zama rabin abin da ka mallaka, rage shi, ko kana ƙaunarsa, ma'aikatan Enron ma suna ƙaunar nasu.

Kuma a takardar nan kada ka rubuta farashin da ka saya. Dillali zai ajiye maka shi saboda lissafin haraji, can ne kawai yake da amfani.