Mai Tsaron Gidan 1980

Tsofaffin ɗaliban sakandaren garinmu sun taru a ɗakin karatu, wanda tagoginsa suka daɗe da yin ƙaura, domin a haɗa littafin tarihin makaranta. Sakatare ya baje tsofaffin mujallun shekara-shekara waɗanda gara ta riga kowa karantawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun iso shafin wasanni."

Alhaji Ciyaman ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Rubuta cewa a 1980, shekarar da Green Eagles suka lallasa Aljeriya da ci uku da nema a Legas suka ɗauki kofin Afirka, ni ne mai tsaron gidan makarantar nan, kuma ko iska ba ta taɓa shiga ragata ba."

Malam Gemsmasta, wanda ya yi ritaya tun tuni amma har gidan biki yake zuwa da usur a wuya, ya yi gyaran murya. "Alhaji, a lokacin ba mu da raga. Sanduna biyu ne da igiya, igiyar ma ta shanyar matar firinsifal ce."

"To ai magana ta fito, Malam. Sakatare, rubuta."

Sakatare ya ɗaga wani hoto. "Ga 'yan wasa goma sha ɗaya, ga kuma wani yaro can gefe riƙe da bokiti, kunnuwansa sak irin na ranka ya daɗe."

"Wannan bokitin dabara ce. Ɓoye ni ake yi don kada mutanen Raccah Rovers, waɗanda suka ci gasar ƙasa a 1978, su gan ni su tafi da ni Kano alhali ban zana jarrabawar WAEC ba."

"Gulukos kake rabawa a hutun rabin lokaci," in ji Malam, "kuma rabinsa a harshenka yake ƙarewa. Sau ɗaya tak na sa ka tsaron gida, ranar da zazzaɓi ya kwantar da golanmu, sakamakon yana shafi na 12."

Aka buɗe shafin. A gaban sunan makarantarmu akwai sifili, a gaban na baƙi kuwa gara ta yi rami.

"Alhamdulillahi! Ku dubi ramin nan da kyau, ba zagaye yake ba? Sifili ke nan, canjaras aka tashi."

"Faɗinsa za ka duba, Alhaji, lamba biyu garar ta ci."

Don a raba gardama, Sakatare ya ba da shawarar a fita filin wasa a ɗauki hoton bangon littafi. Ɗaki ya yi tsit.

"Wane filin?" in ji Malam. "Daga gola zuwa tsakiya shagunan Alhaji ne, sauran kuma gidan mansa."

Alhaji ya karkata hula ya yi murmushi. "To kun gani, har yau ni nake tsaron gidan, kuma tun da na kafa tubali babu mahalukin da ya zura ƙwallo a wurin. Sakatare, rubuta."