Mudir da kazarsa, ni da bakina

Jama'a har yau in na ga mutum riƙe da ledar Al Baik, gidan soyayyar kazar nan na Saudiyya, a titi sai na ji gabana ya faɗi, kuma ba laifin kazar bane, laifin bakina ne da baya da birki.

Shekara ta shida kenan a Jidda ina aiki a wani shagon kayan gini, kullum siminti da ƙura, gashi tun 2021 da aka sassauta dokar kafala, wadda ta ɗaure ma'aikaci da mai gidansa, mutum yana iya canza wurin aiki ta shafin gwamnati na Qiwa in ya cika sharuɗɗa, to nima sai na fara ɗaga kai. Akwai wata Hajiya yar garinmu da take zaune a Makka, ita sana'arta kenan haɗa masu neman aiki da kamfanoni, in an ɗauke ka ta samu la'adarta. Cikin watan Sha'aban ta kira ni tace ɗana, ga wani kamfanin masu hidimar yan Umara a Aziziyya suna neman tafinta mai Hausa da Larabci kafin azumi ya kama, ka zo ranar Lahadi ƙarfe goma akwai mukabala, wato intabiyu. Lahadi nan ita ce Litinin ɗinmu ta gida, ranar ake buɗe mako.

Na sa aka goge min farar jallabiya har tana ɗaukar ido, na ari turaren oud na abokin ɗakina na fesa kamar ango, sannan maimakon in shiga motocin nan na "Makka Makka" a matse ni kamar kifin gwangwani sai nace a'a, yau ranar girma ce, na sayi tikitin jirgin ƙasa na Haramain daga Sulaimaniyya zuwa Rusaifa. Tara da rabi ina ofishin.

Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, aka kira azahar muka je muka dawo. Duk sanda na tambayi yaron da ke kan tebur sai yace min "khamsa dagiga", minti biyar ɗin da ba ta ƙarewa. Turaren aro duk ya gudu ya bar ni da zufa ta. Sai wajen ɗaya da rabi aka ce in shiga.

Na shiga na yi sallama mai kyau har da wabarakatuhu. Mudir, wato manajan, wani baƙin Balarabe kakkaura da jan rawani a kafaɗa, ko kai bai ɗaga ba saboda yana fama da cinyar kazar Al Baik, hannu ɗaya a cikin miyar tafarnuwa ɗayan riƙe da waya yana faɗa da wani akan motar safa. Takardun da na kashe riyal na buga masu kala, ya karɓa da yatsu masu maiƙo ya ajiye, wlh ina kallo ya ɗora kofin Pepsi akan hotona, daidai goshi.

Tambaya ta farko: ya Muhammad, kana iya tura keken tsofaffi a Safa da Marwa? Sunana ba Muhammad bane kuma yana rubuce a ƙarƙashin kofinsa, amma nan kowane baƙo Muhammad ne, wannan na saba. Nace ranka ya daɗe aikin tafinta aka ce min. Yace to meye "yalla yalla" da yarenku? Nace "maza maza". Yace khalas, za mu kira ka. Shikenan. Awa uku da rabi na jira, mukabala ba ta kai tsawon cin kwalin kaza ɗaya ba, kuma ko bismillah ta fatar baki bai min ba alhali tun shayin asuba ba abin da ya shiga cikina. Ina fita nace ƙasa ƙasa, Allah Ya sa ƙashi ya maƙale maka.

Da dare ina kwance Hajiya ta turo saƙo a WhatsApp: ɗana ya ta kasance? Ka faɗa min gaskiya don su ma suna so su ji ra'ayin waɗanda suka zo. To nan fa shaiɗan ya zauna min a kafaɗa. Da farko na rubuta "Alhamdulillah Hajiya, sai dai an ɗan jira", na goge. Nace ai gyara kayanka baya zama sauke mu raba, bari in faɗa mata komai saboda na baya. Na danna na fara voice.

Minti tara da sakan arba'in. Na fara da ladabi fa, Hajiya Allah Ya saka da alheri, amma gaskiya wannan ba tsari bane, a ajiye magidanci tun safe ba ko ruwa. Daga minti na uku abin ya ƙwace min. Na kwaikwayi yadda yake tauna, har da sautin, abokin ɗakina yana ta birgima a katifa yana zuga ni. Nace mutumin nan ya cinye kaza yanka uku a gabana kamar kura ta samu mushe, nace tumbinsa ya riga shi shiga ko'ina, nace da a Kano ne ko dillalin Kantin Kwari ya fi shi sanin darajar baƙo, a ƙalla zai tura maka benci ya aika a kawo maka ruwan leda. Na rufe da cewa ki gyara maganar ki fassara musu da Larabci mai laushi. Na tura na yi barci mai daɗi.

Hajiya kuwa, Allah Ya bar mana ita, ba ta saurara har ƙarshe ba. Ta ji minti ɗaya na farko mai ladabi tace madalla, ta tura wa mudir kai tsaye.

Da safe na ga wata lamba ta turo voice, na buɗe ina kurɓar shayi. Sai na ji murya da wata irin tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci, irin ta tsofaffin Shari' Mansur a Makka: "Salamu alaikum ya walad. Ni ne kura." Shayin ta hanci ya fito. Ashe mutumin Hausawi ne, irin su Osama Hawsawi da ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a kofin duniya na 2018, shi mudir ɗin kakansa a ƙafa ya taho daga ƙasar Sakkwato ya ratsa Chadi da Sudan ya tsallako Bahar Maliya, kuma kakarsa ce ta raine shi, ita ko har ta rasu Hausa take yi a gida. Shekara shida ina ganin Takari a unguwannin Karantina da Hindawiyya, amma ranar da ya kamata in tuna sai ƙwaƙwalwata ta tafi hutu.

Yace maganar jira da kofin da ya ɗora akan hotona ka yi gaskiya, wallahi aibu ne, a yafe min. Amma gyara biyu zan maka. Na ɗaya, yanka huɗu ne ba uku ba, ka shigo na riga na gama da ɗaya. Na biyu, addu'ar ƙashin da ka yi a bakin ƙofa na ji ta, kuma bai maƙale ba.

Na kira Hajiya ina salati, ita kuma dariya har tana tari, wai ai kai kace a faɗa musu gaskiya. Mudir yace in dawo Laraba ƙarfe goma. Na je a motar "Makka Makka", ba turare ba komai, goma daidai aka shigar da ni, ya ture min kujera ya ajiye kwali a gabana yace bismillah, sannan ya kira yaron teburin da wasu ma'aikata biyu yace to Malam, yi musu yadda nake tauna.